Hannun Malama Bunruean

A Khon Kaen, makon da damina ta sauka,
mu shida aka tsayar gaban tebur na sha ɗaya.
Farin ƙyalle ya rufe ki daga ka har dunduniya,
warin magani na yanka ido kamar albasa.
Thawatchai ya karanta 'yar takardar da ke rataye:
Bunruean, shekara saba'in da huɗu, masaƙiyar siliki.

A nan ba a kiran irinku gawa.
Babbar malama ake cewa, a haɗa tafi, a rusuna.
Na ajiye furen bado kusa da ƙafarki,
na roƙi gafarar abin da zan yi,
da muryar da ba ta ko kai ƙofar ɗaki.

Rub da ciki aka kwantar da ke,
ta baya muka fara, ba mu haɗa ido ba.
Askar ta fi ni sanin hanya.
Fata ta buɗe, kitse ya leƙo rawaya.
Ni da ko kifi ban taɓa feɗewa ba,
na fita da gudu, na amayar da shinkafar safe,
na kuskure baki, na dawo bakin aiki.

Wata uku muna shiga muna fita,
baƙi a gidan da mai shi ta yi tafiya.
Muka ɗaga haƙarƙari kamar murfin adaka.
Huhu da ɗigon baƙi, hayaƙin murhun shekaru.
Tsakuwa uku a matsarmama,
ko wa kika gaya wa suna cizonki da dare?
Littafi ya ce wannan jijiya nan take rabuwa biyu,
taki ta wuce gaba abinta.
Farfesa Wilaiwan ta sauke tabarau ta ce:
in littafi da malama sun saɓa, ku gyara littafi.
Na ɗauki biro na gyara shi da jikinki.

Ranar hannu ce ta karya ni.
Babban yatsa da manuni sun yi kanta,
inda zare ya yi shekara sittin yana wucewa.
Na kamo wata farar jijiya sama da wuyan hannu,
na ja kaɗan,
sai yatsanki ya lanƙwashe,
kamar mai kiran jika, kamar mai neman ƙoshiya.
Thawatchai ya zabura ya ture bokiti.
Ni ban motsa ba, masaƙa nake kallo:
zare a jere, kowanne da kafar da yake bi,
babu wanda ya hau kan ɗan'uwansa.
Ashe ke ma saƙa ki aka yi.
Na daɗe tsaye, riƙe da hantsaki.

Da shekara ta ƙare muka mayar da komai,
zuciya a gurbinta, hanta a nata,
har tsakuwa ukun, don naki ne.
Ni aka ba allura.
Ɗinkin ya karkace wajen kafaɗa,
da kin gani da kin warware, kin ja tsaki.

Ranar ƙona ki mu muka ɗauki akwatin,
bai kai nauyin da na zata ba.
'Yarki Lamduan ta riƙo ni bayan addu'a,
ta ce ba ki taɓa zama a aji ba,
da dangwalen yatsa kika sa hannu a takardar,
kina dariya kina cewa:
bari in shiga jami'ar nan ko sau ɗaya.
Ta ɗaura min gyalen da kika bari bai ƙarasu ba,
gefe guda zaren na lilo.
Ban gaya mata zancen tsakuwar ba.

Jiya da dare aka kawo wani yaro,
lauje ya sare shi a wuyan hannu.
Na buɗe, na ga farin zaren ya tsinke biyu,
ban nemi littafi ba, na san inda kan ya gudu.
Na kamo, na ƙulla, na ce masa motsa.
Ya motsa manuni.
Uwarsa na ta yi min godiya,
ni kuwa ina wanke hannu ina kiran sunanki.